Habasha Ta Buɗe Kasuwar Waya da Intanet: Me Doka Ta Gyara, Me Ya Rage?

 

'Yan'uwa masu karatu, a yau da wuya a tayar da sallar jam'i ba a ji liman ko ladan ya ce a kashe salula ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda wannan 'yar na'ura ta kai a rayuwarmu. Da ita ɗan ci-rani yake aika wa mahaifiyarsa kuɗin hatsi, da ita mai dabbobi yake jin yadda kasuwa take kafin ya kora su, da ita ɗalibi yake sauraron karatun da bai samu halarta ba. Don haka duk dokar da ta yanke wane ne zai sayar mana da kira da data, da wane ne zai tsawata masa idan ya tauye mudu, doka ce da ta shiga aljihun kowa, ko ya san da ita ko bai sani ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar Habasha shi ne, ita ce babbar ƙasa ta ƙarshe a Afirka da ta riƙe harkar sadarwa a hannun kamfani guda na gwamnati. Mu a nan yankin an buɗe tamu kasuwar sama da shekara ashirin da suka wuce, har mun saba, mun daina tambaya. Su kuwa yanzu suke cikin abin, komai nasu a fili yake: abin da doka ta yi alkawari, abin da ta cika, da inda ta tsaya. Wanda ya kalli nasu da kyau zai fi gane nasa.

Kafin a yi dokar

Habasha ce ta biyu a yawan jama'a a Afirka, bayan Nijeriya, mutanenta sun haura miliyan 120. Tarihin waya a can ya faro ne tun 1894, zamanin Sarki Menelik na Biyu, kuma tun daga lokacin har zuwa 'yan shekarun nan hukuma ce kaɗai take da ikon shimfiɗa waya da sayar da layi. Kamfanin ya sha sauya suna, daga 2010 ake kiran sa Ethio Telecom.

Adalci ne mu faɗi hujjar waɗanda suka riƙe wannan tsari, domin ba marasa tunani ba ne. Cewa suke yi: ribar waya riba ce mai yawa, idan aka bar ta a hannun ƙasa za a gina hanya da layin dogo da ita, idan aka ba baƙo zai kwashe ta ya kai gida. A 2013 firaministan lokacin, Hailemariam Desalegn, ya kwatanta harkar da saniyar tatsa, ya nuna cewa nonon ne ya sa 'yan kasuwa suke zawarcinta. Sannan suna cewa kamfanin gwamnati zai kai waya ƙauyen da ɗan kasuwa ba zai kalla ba. Kuma lalle an faɗaɗa layuka sosai, da bashi mai nauyi da aka karɓa ta hannun kamfanonin Sin irin su ZTE da Huawei.

Sai dai wanda ba shi da abokin gasa ba ya gaggawa. Idan kira ya yanke, ko data ta yi tsada, ko an yi watanni ana jiran a haɗa wa ofis intanet, babu wata rumfa da mai saye zai koma. Ga shi ƙasashen da ke kewaye, musamman Kenya, sun yi nisa: tun 2007 mutanen Kenya suke aika kuɗi ta waya da M-Pesa, alhali mafi yawan mutanen Habasha sai sun je banki ko sun ba direba saƙo.

A watan Afrilun 2018 Abiy Ahmed ya zama firaminista, bayan wata biyu gwamnatinsa ta sanar cewa za ta buɗe wasu manyan kamfanonin ƙasa ga masu zuba jari. Ƙasar tana fama da ƙarancin kuɗin waje da nauyin bashi, wannan ma yana cikin dalilan. To ku lura da wani abu: tun kafin baƙo ya sauka, a watan Agustan shekarar, Ethio Telecom ya zabge farashin kira da na data da wajen kashi 40 cikin 100. Jin ƙishin-ƙishin ɗin gasa kawai ya yi wannan aiki. Wannan ya nuna cewa tsadar da ake sha a baya ba dukkanta ce dole ba.

Abin da dokar ta ƙunsa

A watan Yunin 2019 majalisar wakilan ƙasar ta amince da dokar ayyukan sadarwa, mai lamba 1148/2019. Muhimman abubuwan da ta zo da su uku ne. Na farko, ta halatta wa 'yan kasuwa, na gida da na waje, su shiga harkar. Na biyu, ta kafa Hukumar Sadarwa ta Habasha, wadda za ta ba da lasisi, ta raba zangunan iska da sauti da saƙo suke bi, ta sa ido a kan farashi da inganci, ta sasanta kamfanoni idan sun saɓa. Na uku, ta tanadi asusun da za a riƙa tara kuɗi a ciki don kai sadarwa wuraren da babu riba.

Daga nan aka sa lasisi biyu a kasuwa, da niyyar a samu kamfani uku masu gogayya. A 2020 masu nuna sha'awa sun kai goma sha biyu, cikinsu har da Orange da Etisalat. Amma da ranar miƙa tayi ta zo, a watan Afrilun 2021, biyu kacal suka bayyana. MTN na Afirka ta Kudu ya taya dalar Amurka miliyan 600. Wata haɗaka ƙarƙashin Safaricom na Kenya, tare da Vodacom da Vodafone da Sumitomo na Japan da wata cibiyar zuba jari ta gwamnatin Ingila, ta taya miliyan 850, wato sama da biliyan 400 na sefa a canjin lokacin. A watan Mayu aka sallama wa Safaricom, aka ce tayin MTN ya yi kaɗan, aka mayar da lasisi na biyu cikin aljihu.

Me ya kori sauran? Yaƙin Tigray ya ɓarke tun Nuwamban 2020, mai kuɗi kuwa ba ya son ƙarar bindiga. Amma akwai sharuɗɗan da su ma suka sanyaya gwiwar masu taye, waɗanda za mu zo kansu.

Safaricom ya fara gwaji a birnin Dire Dawa a watan Agustan 2022, aka yi bikin buɗewa a Addis Ababa ranar 6 ga Oktoban 2022. Daga wannan rana, karo na farko cikin sama da shekara ɗari da ashirin, mutumin Habasha ya samu zaɓi.

Abin da talaka ya gani a ƙasa

Kada mu rage wa dokar hakkinta. Zuwa tsakiyar 2025 sabon kamfanin ya sanar cewa masu amfani da layinsa sun kai miliyan 10. Tsohon ma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, har ya haura miliyan 80. Data ta yi sauƙi, intanet mai sauri ya isa garuruwan da a da ba ya zuwa, tsohon kamfanin da aka sani da nawa ya koyi tallata kayansa da lallashin mai saye. Manhajarsa ta aika kuɗi, Telebirr, ta tara masu rajista sama da miliyan 50 cikin shekara huɗu. Wato wanda bai taɓa sauya layi ba ma ya ci moriyar zuwan baƙon, domin mai rumfar da ya saba da ita ya gyara hali.

Wannan shi ne amfanin gasa, kuma mun san shi a kasuwar hatsi tun kafin a ƙirƙiro waya: idan mai awo ɗaya ne a gari, mudunsa shi ne mudu. Idan suka zama biyu, kowa zai fara cika nasa.

Inda gizo yake saƙa

Sai dai buɗe ƙofar kasuwa daban, daidaita filin kasuwa daban. Ga wurare huɗu da abin ya karkace.

Na farko, aika kuɗi ta waya. Lasisin da aka sayar a 2021 bai haɗa da izinin wannan ba, alhali kowa ya san nan ne ribar take. A cikin watan da aka ba Safaricom lasisi, a cikinsa Ethio Telecom ya buɗe Telebirr. Sai a watan Mayun 2023 aka ba M-Pesa izini, bayan an sake biyan dala miliyan 150, ya fara aiki a watan Agusta. Ke nan an ba ɗan gida ratar shekara biyu shi kaɗai a fili. Harkar kuɗin waya kuwa, wanda ya riga tara jama'a shi ke da ita, domin kowa yana shiga inda 'yan'uwansa da abokan cinikinsa suke.

Na biyu, turakun sadarwa da igiyoyin fayiba da ake binnewa a ƙasa. A ƙasashe da dama akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kafa dogon ƙarfe su ba kowa haya. Habasha ba ta bar irin waɗannan sun shigo ba. Sabon shiga ko dai ya kafa nasa ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin waje, a ƙasa mai duwatsu da faɗi, ko ya yi haya a wurin wanda ya zo yin gasa da shi. Ku ƙaddara mutum ya zo buɗe shago, aka ce masa babu hanyar da zai shigo da kaya sai ta tsakar gidan babban ɗan kasuwar garin, kuma shi zai yanka kuɗin wucewa.

Na uku, kuɗin tsallakawa. Idan ka kira wanda layinsa na wani kamfani ne, kamfaninka yana biyan wancan wani abu a kowane minti, ladan isar da kiran. Ga kamfanoni masu kai ɗaya, abin yana tashi babu ci babu asara. Amma idan cikin mutum goma da za ka kira, takwas ko tara suna kan tsohon layi, to ƙaramin kamfani kullum shi ne mai biya. Hukumar ta gane haka, a 2024 ta rage kuɗin daga santim 31 na bir, kuɗin ƙasar, zuwa 23 a minti. Duk da haka, wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2025 ya ce tsohon kamfanin yana sayar da wasu kiraye-kirayensa ƙasa da wannan kuɗin tsallakawa, ta yadda in sabon ya bi farashinsa, zai riƙa faɗuwa a kan kowane kira da ya tsallaka. A nan wajibi ne in ƙara da cewa wani reshe na Bankin Duniyar yana da hannun jari a Safaricom na Habasha tun 2023, shaidar mai rabo a cikin dukiya kuwa ana karɓar ta ne da bincike. Amma lissafin a kan kansa abu ne da kowane ɗan kasuwa zai gane.

Na huɗu, na ukun da bai zo ba. An sake fito da lasisi na biyu, aka dakatar, aka sake fitowa da shi a 2023, a ƙarshen shekarar aka janye don babu mai taye na kirki. Shirin sayar wa baƙi kashi 40, daga baya 45, na Ethio Telecom shi ma bai kai gaci ba. A watan Oktoban 2024 aka fitar da kashi 10 ga 'yan ƙasa, hannun jari miliyan 100 a kan bir 300 kowane, abin da aka saya kaɗan ya haura kashi ɗaya cikin goma na abin da aka fitar. Ana cikin haka, a ƙarshen Yulin 2024 gwamnati ta saki kuɗin ƙasar kasuwa ta yanka masa daraja, dala ɗaya ta tashi daga wajen bir 57 ta haura 100 cikin 'yan makonni. Kamfanin da yake sayen na'urori da dala yana sayar da kira da bir ya ji a jikinsa, har zuwa 2025 reshen Safaricom na Habasha bai fara cin riba ba.

Muhimmancin na uku, maƙwabtanmu na Nijeriya sun ɗanɗana shi. Da aka yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, kowane a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Layi kaɗai ana sayar da shi dubban nairori, kira kuma da minti ake lissafa shi, ko daƙiƙa biyar ka yi sai ka biya na minti cur. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi, abin da a da ake cewa bai yiwuwa tukuna. Mutum biyu suna iya kallon juna su yi shiru, na uku ne yake ɓata shirin.

Abin da malamanmu suka riga suka faɗa

Wani zai ce mene ne haɗin malami da wannan? Haɗin shi ne, hukuncin kasuwa babi ne a fikihu, kuma magabata sun tattauna waɗannan matsaloli da sunayen kayan zamaninsu. Malamin Malikiyya Yahya ɗan Umar, wanda ya rayu a Ƙairawan a ƙarni na uku bayan hijira, littafi guda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen kasuwa.

Asali dai shi ne a bar mutane su yi cinikinsu. Ya tabbata cewa farashi ya tashi a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade shi, bai yi ba. Haka kuma ya tabbata cewa ya hana ɓoye kaya don a ƙuntata wa jama'a, ya hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa. Idan aka haɗa waɗannan sai a ga manufa ɗaya: kada hukuma ta danne mai sayarwa, kada kuma wani ya toshe hanyar da kaya da labarin farashi suke bi su isa ga mai saye.

To amma kasuwar waya ba irin kasuwar ƙauye ba ce da kowa zai shimfiɗa tabarma ya kasa kayansa. Zangunan iska ƙididdigaggu ne, sai wanda hukuma ta ba lasisi. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, a littafinsa na hisba, ya yi magana a kan irin wannan hali daidai: idan aka keɓe wasu mutane sanannu aka ce su kaɗai za su sayar da wani kaya, to wajibi ne hukuma ta tsare su a kan farashin da ya dace, domin an riga an hana mai saye zuwa wani wuri. Ke nan duk wanda ya karɓi lasisi ya karɓi sa ido tare da shi. Babu kamfanin waya, na gwamnati ko na baƙo, da zai ce a bar shi da kasuwarsa.

Maganar karya farashi don a kori abokin gasa ma ba sabuwa ba ce. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya umarce shi ya daidaita farashinsa ko ya tashi daga kasuwar. Imamu Shafi'i kuma ya ruwaito cewa Umar ya koma daga baya ya sassauta masa. Saɓanin nan yana koya mana taka-tsantsan: araha alheri ce, ba a hana ta haka kawai, sai an tabbatar cewa tarko ce, wato mai ƙarfi ya jure asarar wata shida don ya kashe ƙarami, sannan ya rama a kan jama'a shekara goma. Rarrabe waɗannan biyu aiki ne na mai ilimin lissafi wanda ba ya tsoron kowa.

Game da turaku da igiyoyi kuwa, a Muwaɗɗa ɗin dai akwai ƙissar Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gonar ya ƙi, alhali ba za ta cuce shi ba, shi ma zai sha. Umar ya tilasta a bar ruwan ya wuce. Malamai sun yi magana a kan iyakar wannan hukunci, amma ma'anarsa a fili take: mallaka ba ta zama hujjar toshe amfanin jama'a idan mai ita ba zai cutu ba. Balle igiyar da aka binne da kuɗin baitulmali da bashin da 'yan ƙasa duka za su biya.

Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne na mai sa idon kansa. Muhtasibi, wato mai kula da kasuwa, ba ya zama mai rumfa a kasuwar da yake dubawa. A Habasha gwamnati ce mai Ethio Telecom, ita ke cin ribarsa, kuma hukumar sadarwa a ƙarƙashin firaminista take, shi ke naɗa shugabanninta. Ko da mutanen kirki ne, an ɗora musu abu mai wuya: su yi hukunci tsakanin baƙo da saniyar da maigidansu yake tatsa. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Wannan, a ganina, shi ne babban giɓin da dokar 2019 ta bari.

Makunnin da doka ba ta taɓa ba

Akwai wani abu da yawan kamfanoni bai magance ba, shi ne yanke sadarwa da umarnin hukuma. Habasha ta yi suna a wannan. An sha rufe intanet a lokacin jarrabawar ƙasa don kada a saci amsa. A ƙarshen Yunin 2020, bayan kashe mawaƙi Hachalu Hundessa, an rufe shi a duk ƙasar kusan mako uku. Yankin Tigray ya yi wajen shekara biyu babu waya babu intanet, daga Nuwamban 2020 har bayan yarjejeniyar Pretoria ta Nuwamban 2022. Bayan zuwan kamfani na biyu ma ba a daina ba: a 2023 an toshe Facebook da Telegram da TikTok da YouTube na tsawon watanni, sannan aka yanke intanet a yankin Amhara da rikici ya tashi a can.

Ba na musun cewa hukuma tana da hakkin kashe wutar fitina, kuma mun san irin ɓarnar da jita-jita take yi a waya. Amma a tuna da wanda abin yake faɗawa a kansa: mai haƙuri da ake nema wa jini, uwar da ba ta san ɗanta yana raye ko ya mutu ba, mai ƙaramin ciniki da jarinsa yake cikin waya. Hukunta gari guda saboda laifin wasu abu ne da shari'a take ƙyama. Idan larura ta sa, to larura ana auna ta da gwargwadonta: a san wanda ya ba da umarni, da dalilinsa, da ranar ƙarewa, da alƙalin da za a kai wa ƙara. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana, lokacin da aka yanke intanet na salula wajen kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, alhali kamfani huɗu ne a ƙasar. Lasisin kowannensu a hannun hukuma yake, babu wanda zai ce a'a.

Abin da ya shafe mu

Mu mun gwada hanyoyin biyu. An sayar da mafi yawan Sonitel ga baƙi a 2001, ƙasa ta karɓe shi daga baya, a 2016 aka haɗe shi da SahelCom ya zama Niger Telecom. Orange ya zo a 2008, ya tafi a 2019, Zamani ya gaje shi. A Ghana kuwa, inda aka daɗe da buɗe kasuwa, kamfani ɗaya ya yi girman da a 2020 hukumar ƙasar ta ayyana MTN a matsayin mai rinjayen da sai an sa masa ƙa'idoji na musamman, a 2021 kuma gwamnati ta karɓi AirtelTigo a kan dala ɗaya tak don kada ya rushe. Kasuwar da aka buɗe tana iya sake rufe kanta idan aka yi barci.

Saboda haka ina jan hankalin ɗalibanmu musamman, kada muhawarar ta tsaya a kan "na gwamnati ko na baƙo". Baƙo bai zo don Allah ba, banza ba ta kai zomo kasuwa, zai fi son birni da ƙauye, kuma ribarsa waje za ta. Kamfanin ƙasa ma, idan babu mai ƙalubalantarsa, yana iya zama wurin ajiye 'yan lele, talaka yana biya. Kishin ƙasa na gaskiya shi ne ɗan ƙasa ya samu kaya mai kyau a farashin adalci, ko daga hannun wa ya fito.

Tambayoyin da suka kamata mu riƙa yi wa kowace dokar sadarwa, tamu ko ta wasu, su ne waɗannan. Wa yake naɗa mai sa ido, wa yake iya tsige shi, kuma daga ina albashinsa yake fitowa? Shin ana buga hukunce-hukuncensa kowa ya gani? Idan ya ci kamfani tara saboda rashin ingancin rezo, mai layin da aka cuta yana samun wani abu, ko kuɗin baitulmali kawai suke shiga? Asusun kai waya karkara, nawa ya tara, wane ƙauye ya haɗa? Data da mutum ya saya da kuɗinsa, bisa wace hujja take ƙonewa idan wa'adi ya cika bai gama amfani da ita ba? Kuma wa yake da ikon kashe makunni, a gaban wa zai yi bayani?

Waɗannan ba tambayoyin 'yan boko kaɗai ba ne. Tauye mudu haramun ne ko da mudun ba a ganin sa da ido, minti da mega ma'auni ne kamar tiya da sikeli. Ya kamata limamai su san wannan, ƙungiyoyin kare masu saye su samu goyon bayanmu, kuma cikin 'ya'yanmu a samu waɗanda za su karanci wannan fanni su haɗa shi da tsoron Allah, domin kujerar muhtasibin wannan zamani tana buƙatar mai ilimin biyu.

Habasha ta yi abin a yaba da ta buɗe ƙofa bayan shekara sama da ɗari, jama'arta kuma sun fara ganin amfanin. Abin da za a zuba ido a gani shi ne ko za ta yarda ta raba mai rumfa da mai duba mudu, ko na uku zai samu ƙarfin halin shigowa, ko kuma baƙon da ya biya dala miliyan 850 zai gaji ya naɗe tabarmarsa. Idan hakan ta faru, za a koma gidan jiya da doka mai kyau a rubuce.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya kare mu daga cin hakkin juna, Ya zaunar da ƙasashenmu da ƙasar Habasha lafiya. Allah ne Mafi sani.